Ƙarfen da Kawu Yake Nufi

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, babu mai gardama a kan wannan. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu wata Talata da hantsi a ƙauyenmu da ke bayan Tabotaki, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Ya tsufa, ya yi jinya, ya cika da shahada a bakinsa. Irin mutuwar da ake roƙo ke nan. Da abin ya tsaya nan da ban taɓa alƙalami ba, don ni ba marubuci ba ne. Shago gare ni a kasuwar Buza, ina sa wa salula, wato wayar hannu, wuta, ina tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. Abin da na gani a zaman makoki ne ya hana ni sakat.

Mutane sun zo, ba laifi. Tsofaffin manoma sun gangaro daga tudu, wasu sun taso tun daga wajen Ibohamane a kan amalanke, har da Buzaye maƙwabtanmu waɗanda ya sha yi wa kiɗa a gonakinsu. Kawu makaɗin noma ne, mai ganga, irin wanda ke bin manoma ranar gayya yana kiɗa yana waƙa har a ga bayan gona. Wani dattijo ya zauna kusa da ni, bayan gaisuwa sai na lura yatsunsa na bugun gwiwarsa a hankali. Takensa yake kaɗawa, wato kiɗan da Kawu ya yi masa shi kaɗai tun yana saurayi. Da ya ga na gani sai ya cusa hannun cikin riga. Liman kuwa ya yi addu'a mai tsawo, ya ɗan jinkirta a wurin da ya ce Allah Ya yafe masa abin da harshe ya ɗebo. Aka ce amin da ƙarfi, don kusan kowa a wurin ya taɓa shan bakin Kawu.

Ranar sadakar uku sai ga samari uku a kan babura, sun ce daga wajen Madawa suke. Ba wanda ya san su. Suka cire takalma, suka durƙusa, suka yi gaisuwa da ladabi, har na ji daɗi a raina. Da aka shafa fatiha sai babbansu ya matso kusa da taubashina, babban ɗan Kawu, ya rage murya.

"Don Allah, ko a nuna muna bindigar Tsoho mu ɗauki hoto da ita?"

Taubashina ya ce, "Wace bindiga?"

"Ta cikin waƙa mana. Ƙarhen."

Ashe mahaifiyata tana bayan darni ta ji. Ita da ba ta zubar da hawaye ba tun ranar Talata, tana ta faɗa da masu girki, sai ga ta ta fito cikin maza, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana jan hauyar Kawu, doguwar nan da ake noma da ita a tsaye. Ta yar da ita gaban samarin har ƙura ta tashi.

Ta ce, "Ga ƙarhen Yaya nan. Ku ɗauki hoto. Ku kai ma uwayenku su gani."

Samarin suka dubi hauya, suka dubi juna. Wallahi ba su gane ba. Sun ɗauka tsohuwa ce baƙin ciki ya taɓa. Suka ba da haƙuri, suka hau baburansu suka tafi da abin da suka zo da shi a kai. Tun ranar nake tsoron cewa in mu da muka san shi muka kau, abin da zai rage na Kawu a duniya shi ne mawaƙin 'yan bindiga. Mutumin da bai taɓa riƙe bindiga ba. Kuma hannuna na ciki dumu-dumu, zan zo wurin.

Bari in fara faɗin ko wane ne shi, don kada a ɗauka waliyyi nake binnewa. Kawu mutum ne mai wuyar sha'ani. Gajere, mai faɗin ƙirji, goro a kumatu, kuma ba ya tsaga wa kowa. Bakinsa ya fi gangarsa ƙara. Mahaifina, surukinsa ke nan, mutum ne mai son hutawa, Allah Ya ji ƙansa. Wata gayya Kawu ya hango shi ya raɓe gindin gawo tun rana ba ta yi zafi ba, nan take ya sa masa waƙa, ya kira shi sarkin noman inuwa. Sunan ya bi mahaifina har kabari. Mahaifiyata ta yi damina guda ba ta taka gidan wanta ba. Da Kawu ya zo biko da kansa, maimakon ya ba da haƙuri sai ya ce, "To ƙarya niy yi?" Ta jefe shi da mara, ya kauce, suka shirya.

Yana da wata ƙa'ida da duk ƙasar nan aka sani. Ba ya yi wa mutum take sai ya ga tafin hannunsa. In ka zo nema sai ya ce, "Buɗe in gani." Ya shafa da babban yatsa, in ya ji kanta, wato taurin nan da ƙotar hauya ke bari, to an yi ciniki. Wani alhaji dillalin albasa ya taɓa aiko masa da babbar riga, yana son a yi masa taken manoma ranar auren ɗansa. Kawu ya je, ya karɓi hannun alhaji gaban jama'a, ya juya shi, ya ce, "Wanga hannu tuwo kaɗai yas sani." Ya mayar da rigar. Matarsa ta yi mako tana yi masa mitar rigar nan, shi ko a jikinsa.

Amma ga abin da ba kowa ya lura da shi ba. Ranar gayya sauran makaɗa kan bi na gaba, gwarzon da kowa ke kallo, don shi ke da kyauta. Kawu kan yi wa na gaba kiɗa kaɗan, sai ya sulale ya koma bayan wanda aka bari can baya, mai ciwon ƙafa ko wanda ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Ya tsaya a ƙeyarsa yana kiran sunan kakanninsa har mutumin ya ji kunyar tsayawa. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Na gaba ba shi bukatar ganga, idon mutane ya ishe shi." Ni kaina na sha zama na baya, na san abin da gangar nan ke yi wa ƙafar mutum.

Waƙar da ta jawo mana wannan bala'i ya yi ta ne tun ina ƙarami, don wani manomi na kwarinmu da ya yi dubu. A wurinmu in mutum ya noma hatsi har ya ɗaure dami dubu a shekara guda, akan yi biki, ya ciyar da gari, a naɗa shi sarkin noma. Ba ƙaramin abu ba ne, wani ƙauyen sai a yi shekara arba'in ba a gani ba. Ga amshin waƙar:

Na daji ba shi kwana gida,
Ƙarhe bisa kahwaɗa, rana bisa ƙeya,
Ya kwantar da dubu bai waiwaya ba,
Gobe ma wasu dubu na jira nai.

Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da ake nufi, ko in ce ya sani a da. Daji gona ce. In an ce mutum ya tafi daji, noma ya tafi, kuma manomin kirki yakan tare can har a gama aiki. Ƙarfe hauya ce, a kafaɗa ake saɓa ta. Dubu kuwa damman hatsi ne. Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai rediyon kaset ya ɗauki waƙar ranar bikin, har ana jin guɗar mata da kukan wani jaki a ciki. Kaset ɗaya ya rage a duniya, a cikin akwatin mahaifiyata.

Sai zamani ya juya wa Kawu baya, kamar yadda ya juya wa duk masu ganga. Samari suka rinƙa tafiya bida, wato ci-rani, wasu kudu, wasu arewa wurin zinariya, gayya ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama labari. Da, makaɗi kan koma gida da dami da akuya, wani lokaci da riga. Yanzu in za a yi biki sai a ɗauko yaro mai bafal, wato babbar lasifikar nan, ya danna abu ɗaya gari ya ɗauka. Kawu yana kiransu makaɗan yatsa guda. Gangarsa ta koma rataye a ɗaki, sai ya sauke ta ya shafa mata mai ya mayar.

Ni ne na ga kamar zan yi abin kirki. Na ɗauki kaset ɗin nan na kai inda aka juye min shi a na'ura, na zo ina murna na ce masa yanzu muryarsa ba za ta ɓace ba, zan sa ta a katin salula kowa ya ji. Bai yi murna ba. Ya daɗe yana tauna goro, sannan ya ce, "Murya in ta hita gida ba ta da makiyayi." Na ce ai wannan tsohon tunani ne. Na nace, ya gaji ya ce in yi abin da na ga dama. Duk wanda ya kawo salula shagona sai in ƙara masa waƙar Kawu kyauta, ina alfahari. Na yi shekara biyu ina rabon nan.

Ranar kasuwa yakan zo Buza ya zauna kan bencin shagona, ba don yana son wurin ba, sai don ya sami wanda zai yi wa faɗa. Akwai tele, wato talabijin, a shagon, kuma ba zan ɓoye ba, finafinan harbe-harbe nake sawa, su ke tara mutane. Wata rana ya zuba wa tele ido ya daɗe, sannan ya nuna jarumin da sandarsa.

"Wanga mutum tun da nis shigo shi ka kisa, ko ruwa bai sha ba. Ba shi da gona?"

Na ce, "Kawu, wasa na, ba gaskiya ta ba."

"Kokowa ma wasa ta. Amma wanda anka kada shina tashi a gaisa. Waɗanga wa ka tashi cikinsu?"

Na ce masa bindiga ba yau ta zo ba. Shi da kansa ya sha yi wa maharba kiɗa ranar salla suna harba ta sama, mata na guɗa, hayaƙi ya turnuƙe fili, ban taɓa jin ya ce haramun ne ba. Ya ce ai waccan harba-ka-ruga ce.

"In ka harba sau guda sai ka zamna. Ka zuba albarushi, ka ɗura, ka daka, ka gyara. Kahin ka ƙare zuciya ta huce, ko wani dattijo ya riƙe ma hannu. Wagga taku ba ta ba mutum lokacin jin kunya."

Mun yi wannan gardama ta fi sau ashirin, kuma har yau ban sallama masa duka ba. Ba fim ne ya kawo mutanen da ke tare hanya a kudancinmu ba. Wanda ya rasa shanunsa, wanda ya rasa abin yi, wanda ya ga bindiga ta fi buhun hatsi sauƙin samu, ba tele ya kalla ya yanke shawara ba. Na faɗa masa haka, yakan ce, "To kai kuma kana yi masu guɗa." Ni na san abin da ake tambaya a shagona. Ba a taɓa cewa in tura fim ɗin da ake noma ba.

Abin ya fashe wata ranar kasuwa, shekara uku kafin rasuwarsa. Yana zaune kan bencin nan sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya bakin shago, salularsa na waƙa. Muryar Kawu ce, amma an cire gangar, an sa wani kiɗan na'ura mai dukan ƙirji. Duk inda ya ce ƙarfe sai a ji an ɗana bindiga. Duk inda ya ce dubu sai harbi ya ɓarke, ta-ta-ta-ta. Kawu ya miƙa hannu, mutumin ya ba shi salular yana dariya, bai san da wa yake magana ba. Akwai hoto mai motsi a ciki: mutane da rawani sun rufe fuska, bibbiyu a kan babura, kowa da bindiga kalashi a kafaɗa, suna ratsa daji. Kawu ya kalla har ƙarshe. Ya mayar da salular da hannu biyu kamar mai miƙa abu mai zafi. Ya juyo ya dube ni, kallon da da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Sai a lokacin na lura da abin da ke gabana shekara da shekaru. Kalmomin sun sauya masu gida muna zaune. Yanzu in ka ce mutanen daji, ba wanda zai tuna manomi. In ka ce wane yana da ƙarfe, an san ba hauya kake nufi ba. Wanda ya yi wannan aika-aika bai ƙara ko kalma ɗaya a bakin Kawu ba. Ya tarar da waƙar ta riga ta zama tasu, ya sa mata ƙara kawai.

Taubashina ma haka ya gani, amma shi ta wata fuska. Shi ma mawaƙi ne, na zamani, yana zuwa sitidiyo a Madawa ana gyara masa murya har sai ta koma kamar ta aljani. Da farko shi na zarga, ya rantse min da Alƙur'ani ba shi ba ne, na kuma yarda. Amma bai ga abin kuka ba. A gabana suka yi ta a tsakar gida, da rana tsaka, mata na jin su.

"Baba, yanzu anka san ka. Har Agadas ana jin ka, har Libiya."

"Anka san ni da mi?"

"Da murya. Shekara nawa kana kiɗa, wa yas san ka bayan Keita? Kuma su mi sunka ƙara? Kai kac ce daji, kai kac ce ƙarhe, kai kac ce dubu."

Kawu ya miƙe tsaye. Ya ce, "Sa'ad da nic ce daji, abinci aka samowa can!"

Don adalci, taubashina ya kawo shawara mai kyau daga baya. Ya ce a kai Tsoho sitidiyo ya sake waƙar, a ɗauki hotonsa a gona da manoma, a sake ta ta yi gogayya da waccan. Na goyi bayansa. Kawu ya ce waƙar noma ba a yin ta a ɗaki, sai da gumi a gabansa. Muka ce to za a tara mutane su riƙe hauya. Lokacin rani ne, ƙasa ta bushe ƙamas. Ya ce wato noman ƙarya za a yi, ya yi wa noman ƙarya waƙar gaskiya? Muka ce a jira damina. Damina ta zo, ya ce bai ga hannun da ya cancanta ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Taurin kan da ya sa ake girmama shi, shi ne ya hana shi kare kansa, kuma na gaya masa haka a fuskarsa.

Shi abin da yake so daban ne, kuma ba ya yiwuwa. Tunda ni na sa waƙar a salula, to in fitar da ita. A ganinsa kamar akuya ce ta shiga gonar mutane, mai ita ya je ya koro ta. Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa wannan ya tura wa wancan, wancan ya tura wa goma. Ya ce, "Kai kab buɗe ƙohwa, kai ka ruhewa." Ya sa ni na tafi Madawa neman wanda ya yi aikin. Na shiga sitidiyo huɗu, kowa ya ce shi ma turo masa aka yi. Wani ya ce daga ƙetaren iyaka ta zo, wani ya ce daga Tawa. Wani ma ya tambaye ni ko tsohon yana da wasu irinta, yana saye.

Daga nan Kawu ya ɗauki aikin da kansa. Kowace ranar kasuwa zai zo tun da safe ya zauna bakin shagona. Duk wanda ya kawo salula sai ya ce, "Ɗana, kana da waƙar na daji?" In an ce e, sai ya ce, "Ni na mai ita. Don Allah a ɗebe ta." Wasu kan ji nauyinsa su bari in goge. Wasu su ce sai sun yi hoto da shi tukuna. Da yawa kan fita su koma shagon da ke bayana a sake tura masu. Na sani, ban gaya masa ba. Mutumin da alhazai ke aiko wa riga yana mayarwa, shi ne yau yake roƙon sa'o'in jikokinsa. Cinikina ya ragu, na yi ta ƙunƙuni, Allah Ya yafe min, har na taɓa ce wa mahaifiyata ta hana shi zuwa.

Ba ni na hana shi ba a ƙarshe. Wata mata ce, daga cikin mutanen da suka taso daga ƙauyukan bakin iyaka suka raɓu da dangi a Buza. Ta kawo salula a sa mata wuta. Kawu ya ɗaga murya yana kiran mai goro daga can nesa, da wannan muryar tasa da ba ta da biyu. Matar ta juyo ta dube shi.

Ta ce, "Baba, kai na mai waƙar?"

Ya ce, "Ni na, ɗiyata. Amma ba..."

"Ranar da sunka zo muna, da la'asar, ita ka tashi ga salular ɗayansu. Suna kora shanu tana tashi. Sunka tahi da mai gidana tana tashi."

Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi salularta ba a sa wutar ba, ta fita. Na bi ta ina cewa waƙar noma ce, wallahi ta noma ce, ko waiwayowa ba ta yi ba. Me zan ce mata? In ce ta yi haƙuri, hatsi ake nufi? Da na dawo na tarar Kawu ya tofar da goron bakinsa a tafin hannu yana kallo. Ya ce in nemo masa mai babur ya kai shi gida. Bai sake taka kasuwar Buza ba.

Daga ranar muryarsa ta yi ƙasa. Ba waƙa kaɗai ya bari ba, ko kiran mutum daga nesa ya daina, sai ya yafito shi da hannu. Matarsa ta ce ko sallama zai yi a ƙofar wani, a hankali yake yi, wai kada wani ya ji ya tuna. Wannan shi ne abin da ba zan yafe ba, kuma ban san wa zan riƙe ba. Wanda ya haɗa harbin ban san fuskarsa ba. Masu turawa dubbai ne. In na bi sawu sosai, a ƙofar shagona yake ƙarewa.

Kwana biyar kafin ya cika na je duba shi da yamma. Yana kwance kan tabarma a inuwar rumbu, ya rame har ƙirjin nan ya shige. Na gaishe shi, ya riƙe hannuna, ya juya shi, ya shafa tafin da babban yatsa. Ya ce, "Kamar na jinjiri." Muka yi dariya. Sai ya ce, "Ka hiddo ta?"

Na ce, "Saura kaɗan, Kawu."

Ya rufe ido. Ya ce, "Ubanka ragon noma na, amma bai iya ƙarya ba. Ina kas samo ta?" Can ya ce, "In ba ta hitowa, to ka hwaɗa masu abin da nika nuhi." Wannan rubutu cikon wannan umarni ne, gwargwadon iyawata.

Na gwada wata hanyar ma kafin in zauna rubutu. Bayan sadakar arba'in ruwa ya sauka, ciyawa ta rufe gonar Kawu. Ni da taubashina muka ce a yi masa gayya, irin ta da, ko sau ɗaya. Muka bi gida gida. Mutum goma sha ɗaya suka zo, yawancinsu samarin da ba su sami kuɗin mota zuwa bida ba. Mata suka dama fura. Na ɗauko bafal daga shago, na rataye shi a reshen gawo, na sa waƙar Kawu ta asali, wadda aka juyo daga kaset, da gangarta da guɗarta da jakinta.

Wallahi da gangar ta tashi sai na ga ƙafafu sun daidaita. Hauya goma sha uku, har da namu biyu, na shiga ƙasa tare, na fita tare. Taubashina, mai cewa an san Baba har Libiya, yana noma yana share ido da kafaɗa. Na ce a raina, to, ga shi, ashe abin bai mutu ba. Muka kai ƙarshen gona, muka juyo.

A juyowar ne wani saurayi, jikan maƙwabcin Kawu, wanda ya fi kowa saurin hannu a ranar, ya tsaya ya dogara da ƙotar hauyarsa. Gumi na zuba daga haɓarsa. Ya nuna bafal da baki.

Ya ce, "Wa yab ba ka wagga? Ba ta cika ba. An yanke ta."

Na ce, "Ita ta ta asali. Haka yay yi ta."

Ya yi dariya, ba ta raini ba, irin ta mai tausayin wanda aka cuta a kasuwa. Ya ce, "Haba, kai da ka tura ma mutane waƙa? Ina harbin? Wagga ta jabu ta." Ya goge hannu a wando, ya zaro salularsa daga aljihu. "Kawo taka in tura ma ta gaskiya. Kyauta, don albarkacin mamaci."